Takin da Kawu Ya Hana

Kawu ya rasu ranar Talata da hantsi, a gindin mangwaron garkarsa ta Tondibia, kusa da Yamai, yana zaune a kan buzunsa, ƙafafunsa a miƙe. Wanda ya ba mu aron sa ya karɓi abinsa, mu ma muna bin layi. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Jama'a ta zo, ba laifi. Masu garka na bakin kogi sun zo, Hausawa da Zabarmawa. Matan da ke sarar shu, wato kabeji, da salati su kai ƙaramar kasuwa sun zo da lulluɓinsu. Direbobin kamiyo 'yan Maradi, waɗanda ke sauka wurinsa in sun shigo Yamai, sun ajiye motocinsu sun zo. Ni aikina raba goro da miƙa ruwa, don haka kunnena ya kai ko'ina.

Wata tsohuwa ta ce, "Allah ya jiƙan shi, mutum ne mai sakin hannu."

Ta kusa da ita ta gyara mayafi ta ce, "Da dai."

Sai wani tela da ya taɓa neman abu wurin Kawu bai samu ba ya ce, cikin muryar nan ta masu son a ce suna da adalci, "To, shekarun nan uku na ƙarshe kam, sai dai Allah ya yafe muna baki ɗaya. Tsufa ne. Tsufa shina sa mutum rowa."

Mutane suka ce amin, wasu suka girgiza kai. Ba wanda ya musa. Ni da ke tsaye da faranti a hannu na ji kamar an watsa mini ruwan zafi, saboda duk duniya ni kaɗai na san abin da ya sa Kawu ya rufe hannunsa. Tsoron da nake ji shi ne wannan kalma, rowa, ita ce za ta zauna a kan sunansa, jikokinsa su taso su same ta. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kawu yayan mahaifiyata ne, Bagobiri, daga wani ƙauye kusa da Maradi. Ya zo Yamai tun ba a haife ni ba, ya yi dako, ya yi leburanci, daga baya wani dattijon Bazabarme ya ba shi wani fili na rairayi a bakin kogi wanda ko akuya ba ta tsayawa a kai. Wannan filin ne ya mayar garkar da kowa ke kwatance da ita. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ga zanen Gobirawa har kunne. Bai taɓa shiga garka da takalmi ba, kuma bai yarda wani ya shiga da shi ba. Ko kumandan mai mulkin gari ne sai ya tuɓe a bakin darni.

"Akwai masu gida ƙasa," yake cewa. "Ba a taka mutane da takalmi."

Masu gidan nan su ne tana da buzuzu da ƙadandoniya da gyare, da wasu 'yan mitsi-mitsin farare masu tsalle in an buɗe taki, waɗanda ba su da suna sai wanda ya raɗa musu, 'yan tsalle. Da safe kafin ya ɗauki guga sai ya durƙusa ya tura hannu cikin fangali, ya ɗebo ƙasa ya shaƙa, ya barbaza ta a tafin hannu yana duba wanda ya kwana lafiya. Mahaifiyata takan ce yayanta ya fi sanin lafiyar tsutsa da ta danginsa. Shi kuwa sai ya ce ai tsutsa ba ta taɓa aiko masa da saƙon biki ba.

A bayan garkar, ƙarƙashin wani gawo, akwai tarin takinsa. Ya kai shekara talatin ba a taɓa kwashe shi duka ba. A ɗiba daga gefe, a ƙara kashin shanu da ganye da toka daga sama, tsakiyar tana nan baƙa ƙirin, da ɗumi, tana motsi da rai. Uwar taki yake ce mata. Al'adar da ya kafa a Tondibia ita ce duk wanda zai buɗe sabuwar garka ya zo ya karɓi kwando uku na uwar taki, kamar yadda mata ke ɗiban tsohon nono su zuba a sabuwar madara. Ba ya karɓar komai. Shi da kansa yake bin kwandunan, ya zuba a fangalin farko, ya yayyafa ruwa, ya ce wa mai garkar kada ya taɓa wurin sai bayan kwana bakwai, baƙi na neman ɗaki. Rabin garkunan bakin kogin nan daga gindin gawon Kawu suka tashi.

Maƙwabcinsa na darni ɗaya Bazabarme ne, sa'arsa, dogo siriri. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme, to su biyun nan sun ɗauke shi tamkar sana'a. Da sassafe za ka ji daga bayan darni, "Kai bawana! Mai fuska kamar kaza ta yi tono! Ka kwana?" Kawu zai amsa, "Na kwana, maci kopto. Jiya ma ganye kunka ci kamar awaki?" In ɗaya ya bar guga ko tabarma a waje, ɗayan ya ɗauke, washegari ya zo yana taƙama da ita a gabansa, a yi ta ja-in-ja har a fanshe ta da goro ɗaya. Shekara talatin suna haka, ban taɓa jin ɗayansu ya kira ɗaya da sunan kirki ba.

Ni kuma na gama lakkol, makarantar boko, daidai lokacin da muka samu mulkin kai, aka ɗauke ni aiki a sarwis ɗin noma na gwamnati. Aka ba ni keke da wandon kaki da kaye, littafin rubutu. Wanda bai ga samarin wancan lokaci ba ba zai gane ba. Mun ɗauka kafin damina biyu za mu gyara ƙasar nan tun daga kogi har tafkin Chadi, tsofaffi su koma gefe su sha kallo. Kawu ya sa mini suna Mushe, yadda ake kiran 'yan boko da Faransanci, kuma ba don girmamawa ba.

A shekara ta uku gwazarma ta addabi masu garka. Tana kwance cikin ƙasa tana cin saiwar dankali da albasa, sai ka ga shuka ta yi yaushi tsakar rana ba dalili. A biro ɗinmu, wato ofis, akwai wani Annasara da ya rage daga cikin waɗanda ba su koma gida ba tukuna, yana ta wani gwaji a ɗan ɗakinsa. Yakan dafa shinkafa ya ɗura a kwalabe, ya shuka wata irin fumfuna a kai har ta rufe shinkafar da kore. Wata rana ya kira ni ya nuna mini gwazarma a cikin gwangwani, ta mutu ta sandare, fumfunar ta lulluɓe ta. Ya ce wannan ba guba ba ce, cuta ce ta ƙwari, mutum ko dabba ba ruwansu. A zuba ta a ƙasa ta nemi gwazarma da kanta. Na fito daga ɗakin nan kaina na rawa. Na ga an gama da gwazarma a Nijar, kuma na ga sunana a ciki.

Ranar Lahadi na hau keke na kai wa Kawu labari, har da gawar gwazarmar a cikin akwatin ashana. Ya jujjuya ta da tsinke ya daɗe yana kallo.

"Mushe, gwazarma iri biyu ce. Akwai mai cin saiwa, akwai ta cikin taki, wadda ka niƙa mani kashin shanu. Wannan abin naku ya san bambancinsu?"

Na ce ai duk gwazarma ce.

"To. In ya gama da su, shina tsayawa? Wa za ya gaya mashi ga buzuzu, kauce, ga tana, kauce?"

Na ce Annasara ya ce ba guba ba ce.

"Shi ne abin tsoron. Guba in anka zuba, ruwa ya wanke, ta ƙare. Wannan haihuwa shikai. Kar ka kawo mani shi garka."

Na koma gida raina a ɓace. Na ce a zuciyata tsoho ne, sai ya gani da ido. Bayan kwana goma aka yi suna a gidan wata 'yar uwa a cikin gari, na san Kawu da matarsa za su wuni can. Na ɗauki kwalabe biyu daga ɗakin Annasara ban tambayi kowa ba, na taka keke zuwa Tondibia da rana tsaka. Na tsaya ina tunanin inda zan zuba. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar mai kaye: tunda daga tarin taki ake kai wa kowane fangali, in na zuba a nan ya isa ko'ina. Na buɗe tsakiyar uwar taki na juye kwalaben biyu, na juya da hauya, na rufe. Ko takalmi ban tuɓe ba.

Mako uku bayan haka ya aiko a kira ni. Na same shi a gindin gawo ya shimfiɗa tsohon buhu. A kan buhun ya jera gwazarma matattu, masu cin saiwa da na taki, duk sun yi kore. Gefe guda ga buzuzu uku, su ma haka. A ƙarshen layin ya ajiye 'yan ƙwayoyin shinkafa.

"Mushe, ni dai ban taɓa shuka shinkafa cikin taki ba."

Na so ya yi faɗa, ya ɗauki sanda ma, da na fi samun sauƙi. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya riga ya kai takin nan rabin fangalansa kafin ya lura. Ya ce bai san abin da zai faru ba, kuma rashin sanin ya fi komai cin sa. Sannan ya ce, "Tahi ka tambayi Annasararka mi abin nan ka yi ma tana da 'yan tsalle. Ka dawo mani da magana guda."

Na je na tambaya, a kaikaice, kamar tambayar ɗalibi. Annasaran ya ɗaga kafaɗa ya ce su ba su duba wannan ba, gwazarma aka sa su. Ya ce mai yiwuwa ba komai. Na ce tabbas? Ya ce a'a, mai yiwuwa. Bayan 'yan watanni ya tattara ya koma ƙasarsu, aka kulle ɗakin, aka zubar da kwalaben. Da wannan mai yiwuwar na koma wa Kawu, ya saurare ni, ya ce ko boka ya fi haka ƙoƙari.

Na ce a ƙone tarin mu huta. Ya dube ni kamar na ce a ƙone gida da mutane ciki. Ya ce shekara talatin yana tara masu rai a wurin, ba zai cinna musu wuta don laifin da ba nasu ba, kuma abin ya riga ya shiga fangali, wuta ba za ta bi shi can ba. Zai zauna ya sa ido. Amma har sai ya san gaskiyar abin, ko cikin cokali ba mai fita da takin nan daga garkarsa.

Wanda ya fara zuwa, cikin rashin sa'a, maƙwabcinsa ne. Babban ɗansa ya yi aure, ya share fili can sama da garkar uban. Ina nan ranar. Tsohon ya shigo da kwanduna uku a ka yana kirari, "Bawana, fito da harajin ubangidanka!"

Kawu ya ce, "Bana babu."

Maƙwabcin ya fashe da dariya ya ajiye kwanduna, ya ce Bagobiri ya fara hauka, a kawo igiya. Ya nufi gindin gawo. Kawu ya tashi ya sha gabansa.

"Na ce babu."

Ban taɓa jin wannan murya a bakinsa ba. Maƙwabcin ya tsaya yana neman wasa a fuskarsa bai samu ba. Ya ɗauki kwandunansa ya fita.

Daga nan magana ta bazu. Wata bazawara 'yar Tawa mai marayu huɗu ta zo, ya hana ta. Na ga yadda abin ya yi masa, ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki. A rana ta uku ya ari jaki ya tafi rugar Fulani ya roƙo kashin shanu, ya kai mata har garka, ya taya ta haƙa. Mutane suka ce ku duba, busasshen kashi yake rabawa, mai kyan ya ɓoye wa kansa. Wasu suka ce Annasaru ne suka yi masa alkawarin saye. Wasu suka ce asiri ya binne a ciki. Matarsa ma ba ta san dalili ba, ta yi ta fama da shi, tana cewa ya zubar musu da mutunci a gari, ko rijiya ta je sai an yi mata habaici.

Sau biyu na roƙe shi ya bar ni in faɗa. Ya ce in na faɗa, sarwis zai kore ni saboda kwalaben da na sata, mahaifiyata kuma ni kaɗai gare ta. Ya ce in matan kasuwa suka ji an binne cuta a Tondibia, ba mai ƙara sayen ko ganyen salati daga bakin kogin nan, har na waɗanda ba su ji ba su gani ba. "Ni tsoho ne, a ce mani marowaci, ba ya hana ni barci. Muddin ina numfashi ka riƙe bakinka." Ƙarya yake yi game da barcin, idanunsa sun nuna. Ni kuma, in faɗi gaskiya, na ji daɗin hanin. Na riƙe bakina da sauri fiye da yadda ya kamata.

Ba a daɗe ba aka tura ni aiki gabas, sai in yi wata huɗu ban zo Yamai ba. Amma abin ya bi ni. In na ga kaza tana tono sai in tsaya ina kallon abin da take tsinta. In aka kawo mini salati sai in ture shi gefe. Duk wasiƙar da ta zo daga gida sai na juya ta sau uku kafin in buɗe, ina jiran in karanta cewa garkar Kawu ta mutu.

Shi kuwa ya mayar da duba ƙasa ibada. Yakan kife sakaina a kan jiƙaƙƙiyar dusa a fangali goma, bayan kwana uku ya ɗaga ya ga waɗanda suka taru. A shekarar farko tana ta ragu, amma shekarar an yi zafi ƙwarai, bai san wanne ne sanadi ba. A ta biyu kogi ya cika ya shanye rabin garkar, ya rikita komai. A ta uku tana ta dawo, 'yan tsalle suna nan, buzuzu ne dai jefi-jefi. Na ce masa to ai shi ke nan, Kawu, a buɗe wa mutane.

"Ƙasata tsohuwa ce, Mushe, tana da ƙarhi. Ko mi anka zuba mata tana iya haɗiyewa. Sabuwar garka fa, wadda masu gidanta ba su fi a ƙirga ba? In na ba marainiyar Allah kwando ukku, ya kashe mata ɗan abin da ke akwai, mi za ni ce ma Allah?"

Ya gwada da kansa. Ya share wani ɗan rairayi a gefe ya zuba takin, ambaliyar nan ta tafi da shi. Ya sake share wani can kan tudu a shekararsa ta ƙarshe, sai ƙafafu suka ƙi, ya kasa hawa da ruwa, wurin ya bushe. Ni da ya kamata in ɗauki gugan ina can gabas ina koya wa mutane noma.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne maƙwabcinsa. Tun ranar kwandunan nan zagi ya ƙare. Ba gaba suke yi ba, da ma gaba ce. Sukan gaisa ta saman darni cikin ladabi kamar surukai. Zuwana na ƙarshe wurinsa, ina hutu a Yamai, mako guda kafin rasuwarsa, na same shi a gindin mangwaro ya rame, ya ce mini, "Yau Bazabarme ya ce mani ina kwana Malam. Malam fa! Shekara ukku ba wanda ya ce mani bawa." Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. Da zan tafi na tambaye shi labarin ƙasa. Ya ce, "Har yanzu ban sani ba." Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ranar sadakar bakwai, bayan malamai sun shafa addu'a, mutane na shirin tashi, na miƙe. Na faɗi komai, kwalaben da shinkafar da buhun da aka jera gawarwaki, da dalilin shirun. Na ce wanda ya hana su taki ni ne, Kawu ya ɗauki zagin ne kawai. Matarsa ta sa kuka daga cikin gida, da ma tana jin mu ta bayan zana. Telan nan ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi. Wani ya tambaya ko garkunansu na cikin haɗari, na ce takin bai fita ba, Kawu ya tsare shi. Ina cikin faɗin haka na ga maƙwabcin ya tashi ya saɓa rigarsa ya fita. Na ce a raina fushi ne, kuma yana da gaskiya.

Da la'asar ya aiko in same shi a garkar ɗansa. Na tarar da shi tsaye a tsakiyar fangalan albasa da hauya a hannu. Garkar ta yi kyau, kore shar. Na gaishe shi, sai ya tare ni da magana.

"Ka ce takin bai fita ba."

Na ce haka ne, Baba.

"Ya fita. Ni na fitar da shi."

Ya ce kwana biyu bayan Kawu ya hana shi, ya ga ya tafi kai kaya kasuwa, sai ya tsallaka darni ya cika kwandunansa uku daga tsakiyar uwar taki. Ya ce wallahi da wasa ya yi, irin ɗaukar da suka saba. Niyyarsa washegari ya zo ya tsaya a gabansa ya ce bawa ba ya hana ubangidansa, a yi dariya, a fanshe da goro. Washegarin ya zo bakin darni, sai ya tarar Kawu na hana bazawarar nan, tana roƙo yana girgiza kai, hawaye na bin zanen fuskarsa. Nan ya gane ba wasa ba ne, akwai wani abu. In kuwa ba wasa ba ne, abin da ya yi sata ce. Ya koma da maganarsa a ciki. Kullum yana cewa gobe zai faɗa. Ya kasa zagin mutumin da ya yi wa sata, shi ya sa ya koma ce masa Malam.

"Nan na zuba shi," ya ce, ya nuna ƙasan da muke tsaye a kai. "Rairayi ne fari fat a lokacin. Karɓi, tona."

Na karɓi hauyar. Shekara uku ina tsoron wannan saran. Na sara na ɗago. Ƙasar baƙa ce, da danshi, tana ta fito guda huɗu tana murɗawa. Na matsa gaba na sake sara, ga wasu, ga ƙadandoniya ta naɗe, ga 'yan tsalle suna watsewa. Na bi fangali biyar ina tono kamar mahaukaci, ko'ina haka. Na tambaye shi buzuzu fa. Ya ce akwai, ba kamar da ba, amma akwai. Ko takin ne ya rage su ko wani abu, Irkoy, wato Allah da bakinsu, shi kaɗai ya sani. Na tambaye shi gwazarma. Ya ce albasar ɗansa ba ta taɓa yaushi ba.

Na zauna a bakin fangali. Na ɗauka in wannan rana ta zo zan ji sanyi a raina, amma ban ji ba. Daga inda nake zaune ina hango kan gawon Kawu. Sabuwar garka, rairayi, kwando uku, shekara uku: ainihin abin da ya mutu yana son sani, yana nan bayan darni biyu, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa a buta ba.

Tsohon ya durƙusa kusa da ni. Ya ce kullum da safe yana hango Kawu a durƙushe yana tona ƙasa yana dubawa, bai san abin da yake nema ba. Sannan ya kama hannuna.

"Ɗana, gaya mini gaskiya. Da na faɗa masa, da ya huta?"

Na so in ce masa a'a, in ce Kawu mutum ne mai taurin kai, da ya samo wani abin damuwar. Tsoho ne, kuma bakwai ɗin abokinsa ce. Amma na gaji da rufe magana don a ji daɗi.

Na ce, "Da ya huta, Baba. Da ya zage ka tun daga nan har kasuwa, sannan ya huta."

Ya saki hannuna ya zauna daɓas a cikin albasar ɗansa, ya rufe fuska da rigarsa. Ban rarrashe shi ba, ba ni da bakin yi. Muka zauna nan har aka kira magariba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya sanyaya masa makwanci, ya sa masu gidan da ya tarar a can ƙasa su san wanda ya zo musu. Ya ba matarsa haƙurin abin da ta faɗa masa cikin rashin sani. Wanda duk ya taɓa kiran sa marowaci, a fili ko a zuci, ina roƙonsa ya janye tun yau. In kuwa bakinsa na ƙaiƙayi sai ya zagi wani, ga mu nan mu biyu, ni da Bazabarme, ba mu mutu ba tukuna.